Tafiya Ɗaya, Aljihu Biyu: Nazarin Zuwa Baje Kolin Canton da Iyali

A ɗauki ɗan kasuwa mazaunin Kano mai sayar da kayan ɗakin amare: kuloli, tukwane, farantai da kofuna a shago ɗaya, zannuwan gado, labulaye da dardumai a ɗaya shagon. Ya saba zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sari shi kaɗai, ya san hanya, yana da ejan da ke karɓar masa kaya a sito. Wannan karon yana son zuwa baje kolin Canton na watan Afrilu tare da matarsa da 'ya'ya biyu, babban mai shekara tara, ƙaramar mai shekara huɗu. Hajiya ba ta taɓa fita waje ba in ban da Umara. Kuɗin da zai riƙe kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba: akwai jarinsa, akwai na abokin haɗin gwiwarsa, akwai sautun 'yan kasuwar da ba su samu zuwa ba.

Tsarin da ke kansa mai sauƙi ne, kuma kusan duk mai irin wannan niyya da shi yake farawa. Su huɗu za su tashi tare, su sauka ranar 21 ga Afrilu, su kama ɗaki ɗaya a unguwar Xiaobei. Da safe ya je baje koli, da yamma ya dawo a fita yawo. Ranar 1 ga Mayu, tunda hutu ne, a kai yara gidan namun daji na Chimelong. In an samu sarari a leƙa Hong Kong a dawo. Ranar 6 ga Mayu a juyo gida tare, a cika akwatunan yara da samfur, tunda kowane tikiti da nasa awon. Kuɗi kuma aljihu ɗaya, in an dawo a zauna a yi lissafi.

Kusan kowace gaɓa ta wannan tsari tana da inda za ta karye, kuma daga kalanda karayar ke farawa.

Kwanakin baje kolin

Tun 1957 ake yin baje kolin Canton, sau biyu a shekara, yanzu a katafaren ginin da ke unguwar Pazhou a Guangzhou. Kashi uku ne, kowanne kwana biyar. Na farkon shekara yana kamawa 15 zuwa 19 ga Afrilu, 23 zuwa 27 ga Afrilu, da 1 zuwa 5 ga Mayu. Na ƙarshen shekara kuma 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27 ga Oktoba, da 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kashin farko na kayan lantarki ne da injina da ababen hawa. Na biyu na kayan kicin, tangaran, kayan ado, kujeru da kayan gini. Na uku na yadi, tufafi, takalma, jakunkuna, zannuwan gado, kafet, kayan wasan yara da kayan asibiti. Mutuminmu na biyu da na uku yake buƙata, don haka aikinsa ya rabu gida biyu, da kwana uku a tsakani: 28, 29 da 30 ga Afrilu, lokacin da ake kwashe rumfuna ana kafa sababbi. Waɗannan kwana ukun su kaɗai ne hutun da tafiyar ta zo da shi. Duk wani hutu da aka ƙirƙira a wajensu, daga jikin aiki aka yanko shi.

Maganar "safe aiki, yamma iyali" ba ta tsayawa. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 9:30 na safe, a rufe 6:00 na yamma, kuma rumfunan kashi ukun sun haura 70,000. Mai neman kula mai riƙe zafi sai ya ga masana'anta goma ko fiye kafin ya san farashin gaskiya: ya ɗaga murfi, ya duba kaurin ƙarfen ciki, ya tambayi mafi ƙarancin odar da suke karɓa, guda nawa ke cikin katan, katan nawa ke cika kwantena. Daga Xiaobei zuwa Pazhou a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai an canja layi, a cunkoson safe sai a ware awa guda. Wanda ya baro wurin da azahar rabin yini kawai ya yi, alhali kuɗin otal na cikakken yini ya biya. In ya dawo masauki ma bai gama ba. Da dare ne kamfanonin da ya ba kati ke turo farashi ta manhajar saƙo ta WeChat, da dare ake gayyatar cin abinci, kuma sau da yawa a kan teburin nan ne ragin da aka ƙi yi a rumfa yake fitowa.

Abin da aka fi mantawa shi ne agogo. Guangzhou tana gaban Kano da awa 7. Ƙarfe 4:00 na yamma a can shi ne 9:00 na safe a gida, daidai lokacin da yaran shago ke buɗewa, banki ke fara aiki, 'yan canji ke faɗin farashin ranar, masu sautu ke kira su ji ko an samu kalar da suka ce. Yammar da ya yi wa Hajiya alƙawari ita ce safiyar kasuwar Kano, wayarsa ba za ta huta ba sai tsakar dare. A kwana na uku ko na huɗu ake fara jin, "Alhaji, gadin ɗaki ka kawo mu yi?" Shi kuma ya ce, "Ki yi haƙuri, gobe in Allah Ya yarda." Goben ba ta zuwa, domin goben ma ranar baje koli ce.

A jikin yara awa 7 ɗin nan wata ɓarna take yi daban. Ƙarfe 9:00 na dare a Guangzhou jikin yaro yana jin 2:00 na rana ce, ba zai yi barci ba sai wajen asuba. In an tashe shi 8:00 na safe, ƙarfe 1:00 na dare aka tashe shi. Yakan ɗauki kwanaki kafin barcin ya daidaita, kuma uban da ke ɗaki ɗaya da su tare za a yi rashin barcin, ya tashi ya je ciniki ido jajur.

Ranar 1 ga Mayu kuwa ita ce mafi munin ranar da za a zaɓa don Chimelong. Hutun ma'aikata na ƙasar Sin kwana biyar ne a 'yan shekarun nan. A 2024 da 2025 ya kama 1 zuwa 5 ga Mayu, daidai da kashi na uku. Ƙasar baki ɗaya ce ke fita yawo. Tikitin jirgin ƙasa yana ƙarewa, layin shiga wuraren wasa yana cin sa'o'i, ofisoshin masana'antu da yawa a rufe. Ga shi kuma ranar ce ake buɗe kashi na uku, ranar da manyan kamfani ke zaune a rumfa da kansu.

Hong Kong ma sai a cire ta. Mai fasfon Najeriya sai da biza ta daban yake shiga Hong Kong, haka Macau sai ya nema tun kafin ya taso. Kuma in bizar Sin ta shiga sau ɗaya ce, ranar da ya ƙetare ta ƙare, ba zai koma Guangzhou da ita ba, ko da kayansa na otal.

Tsarin da aka gyara

Gyaran bai taɓa ranar tafiya ba, ranar dawowa ya raba. A sauka tare ranar 21 ga Afrilu. Ranar 22 ta shiri ce: ya karɓi katin shiga baje koli, wanda ya riga ya yi rajistarsa ta intanet, ya zagaya da Hajiya unguwa, ya nuna mata kanti da gidan abinci da ƙofar jirgin ƙasa, ta biya kuɗin wani abu da wayarta a gabansa. Daga 23 zuwa 26 aiki ne zalla, safe har dare, an kuma faɗa mata haka tun a Kano. Kwanakin nan ba asara ba ne ga iyali, domin su ne kwanakin da yara ke barci har azahar. Ranar 27 ana tashi da wuri, masu rumfuna na sayar da samfur da araha don kada su koma da shi, sai ya yi rabin yini. Ranakun 28 da 29 na iyali ne, an sanar da ejan da yaran shago cewa sai bayan isha za a same shi. Ranar 30 ya raka su filin jirgin Baiyun su koma gida kafin hutu ya kankama. A fita da wuri ranar, domin jajiberin hutu ne, tituna a cushe suke. Shi kuma ya koma ƙaramin ɗaki, ya yi kashi na uku, ya tsaya har wajen 10 ga Mayu.

Me ya sa iyali za su dawo su kaɗai, ba su je su kaɗai su same shi ba? Domin sauka a Guangzhou ya fi sauka a Kano wuya. A zuwa akwai cike takardar shiga, ɗaukar hoton yatsu, tambayar jami'in shige da fice kan masauki, ga waya ba ta fara aiki ba. A dawowa maigida ne zai auna kaya ya raka su har inda aka tsayar da shi, wahalar canjin jirgi ce kawai, ko a Addis Ababa da Ethiopian Airlines, ko Alƙahira da EgyptAir, ko Doha da Qatar Airways, kuma jirgin Kano ba ya rasa mai jin Hausa. A zaɓi canjin da ke da sarari, gara zaman awa uku da gudu da yarinya a kafaɗa.

Wannan ya tilasta a yanki tikiti a lamba biyu, nasa daban, na mutum ukun daban. Ɗan kasuwa yakan ɗaga ranar dawowa saboda kaya ba su iso sito ba. In duka huɗun a lamba ɗaya suke, kowane canji sai an fara raba su, wani lokacin ma kuɗin canjin ya hau kan kowa.

Akwai tsarin da ya fi wannan araha: iyali su zo bayan 5 ga Mayu, lokacin da kuɗin otal ya faɗi, cunkoso ya watse. Ga mai ƙananan yaran da ba su shiga makaranta ba, shi ne zaɓi. Amma a nan akwai ɗan shekara tara, kuma zango na uku yakan fara ne a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Oktoba ta fi Afrilu daɗin yanayi, don a Afrilu ruwa ya fara sauka da gumi, sai dai Oktoba tsakiyar zangon farko ce. Gidan da ke da mai zana JAMB ko WAEC a shekarar kuwa ya ajiye maganar gaba ɗaya.

Takardu

Shi bizar kasuwanci yake nema, mai harafin M, da takardar gayyatar da baje kolin ke bayarwa bayan rajista. Da ita zai yi yawon buɗe idonsa ba matsala. Iyali kuma bizar yawon buɗe ido ce, mai harafin L, kowa da tasa har ƙaramar, ana nema a cibiyar bizar Sin da ke Abuja ko Legas. Gayyatar da aka yi masa ba ta rufe su. Za a nemi tikitin zuwa da dawowa, shaidar kama otal mai ɗauke da sunayensu, jadawalin tafiya da bayanan asusun banki. Kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar iyali ta fito. Samun tasa bai nuna za a ba su ba.

Akwai matsalar da ta fi damun gidajen Hausawa: sunaye. Hajiya da sunan mahaifinta take amfani, yara da sunan Alhaji na yanka, shi kuma fasfonsa na ƙarewa da sunan nasa mahaifin ko na garinsu. Fasfo huɗu, babu suna ɗaya da ya ratsa su. Jami'in da bai san al'adar ba ba shi da abin da zai nuna masa cewa gida ɗaya ne. Maganinsa takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mai sunan uwa da uba da rubutu irin na fasfo harafi da harafi, da takardar aure ko ta rantsuwa daga kotu. Tunda Hajiya za ta dawo da yara ita kaɗai, ta riƙe wasiƙar amincewar uba da kwafin fasfonsa. Kowane fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kowa kuma da katin rigakafin shawara.

A jikin biza akwai lamba biyu da ake rikitawa: ranar da dole a shiga kafinta, da yawan kwanakin zama. Ta biyun ce ke kama mutum. Wanda ya zarce, tarar yuan (kuɗin Sin) 500 ce kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko tsarewar kwana 5 zuwa 15. Mai son ƙarin kwana sai ya nema kwana 7 kafin nasa su cika. Bizar Hajiya na iya zuwa da kwanaki ƙasa da nasa, a duba kowacce daban.

Masauki, da yadda Hajiya za ta tsaya da ƙafarta

Pazhou kusa take da aiki, amma tsada, kuma abincin halal sai an nema. Xiaobei da Taojin, a kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, su ne inda gidajen abincin Musulmi suke, da 'yan Afirka, da fuskokin da aka saba. A nan hukunci a fili yake: a sauka inda iyali za su ci abinci, shi ya sha wahalar hanya. Otal da yawa ma suna da motar da ke kai baƙi baje koli kyauta, akwai kuma wurin sallah da abincin halal a harabar baje kolin. A nemi ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, ko gida mai ɗan kicin da injin wanki, a kama tun watanni kafin lokaci, domin kuɗin ɗaki yana tashi sosai a makonnin nan. A tabbatar a rubuce cewa wurin yana karɓar baƙin waje. Otal shi ke yi wa baƙo rajista da 'yan sanda. Wanda ya sauka gidan aboki ko gidan haya, shi zai kai kansa da iyalinsa wurin 'yan sanda cikin awa 24.

Sai fasfo. Al'adarmu maigida ne ke tattara fasfon kowa a jakarsa. A Sin doka ta ce baƙon da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da nasa, kuma da fasfo ake sayen tikitin jirgin ƙasa da na wuraren shaƙatawa da yawa. In na Hajiya yana Pazhou a jakar Alhaji, ita da yara an kulle su ke nan ba da makulli ba. Ta riƙe nata da na yara, da katin otal mai adireshi da rubutun Sinanci don nuna wa direba.

Waya ma haka. WhatsApp, Facebook da Google ba sa aiki a layukan cikin Sin, suna aiki ne ga mai amfani da layin wata ƙasa da ya buɗe don tafiya. A buɗe mata WeChat tun a Kano, domin sabon asusu wani lokaci sai wani tsohon mai amfani ya tabbatar da shi, lambar tantancewa kuma layin Najeriya ake turowa. A haɗa manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat Pay da katin asusun dala. Ciniki har yuan 200 babu caji, abin da ya haura ana cire kashi 3 cikin 100. Ta riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda ranar da kati ya ƙi. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti 120. Fulogin gida mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga yawancin soket ɗin can, a taho da adafta biyu.

Da wannan shirin, kwana huɗun da yake aiki ba zaman ɗaki za su yi ba. Lambun Yuexiu yana dab da Xiaobei, shiga kyauta. Gidan zu na Guangzhou tasha uku ce kawai a layi na 5. In Juma'a ta faɗo, masallacin Xianxian da ke kusa da lambun yana cika da Musulmi daga ƙasashe da dama. A nan ne kabarin da mutanen garin ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake abin da malaman tarihi suka tafi a kai shi ne a Madina aka binne shi. Game da abinci, girkin Guangdong, lardin da Guangzhou take, bai rabuwa da naman alade da kitsensa, har a abin da ake gani kamar ganye ne zalla. A koya mata gane tambarin halal na ƙasar, a ajiye hotonsa a waya. Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda galibi Musulmi ke riƙe da su, suna ko'ina kuma da araha. Kilishi da dambun nama kada a ɗauko: nama kowane iri, madara da ɗanyun 'ya'yan itatuwa ba sa wuce kwastan ɗin Sin.

Kwana biyun iyali ba sa buƙatar dogon tsari. Ranar 28 Chimelong, a tashar Hanxi Changlong ta layi na 3, tun buɗe ƙofa, wuri ɗaya kawai, don gidan namun dajin shi kaɗai yini ne. A auna tsayin yara kafin sayen tikiti, wurare da yawa da tsayi suke yanke kuɗin yaro. Ranar 29 masallacin Huaisheng, ɗaya daga mafiya daɗewa a Sin, sai tsaraba a titin Beijing, da dare hasumiyar Canton mai tsayin mita 600 da jirgin ruwan kogin Pearl. Abin da zai ɓata kwanakin nan sananne ne: kamfanin kuloli zai kira ya ce ga mota a zo a ga masana'anta, tunda su ma kwanakin ne suke da sarari. Taura biyu ba ta taunuwa. A ba su rana bayan hutu. Jan yarinya 'yar shekara huɗu zuwa masana'anta da sunan "ai yawo ne" yana ɓata cinikin, ya ɓata yawon.

Lissafi

Nan ne zumunci ya fi lalacewa, ba tsakanin miji da mata ba, tsakaninsa da abokin haɗin gwiwa. Ƙa'idar guda ce: duk abin da zai kashe ko da shi kaɗai ya zo, na kasuwanci ne, duk abin da ya ƙaru saboda iyali, daga aljihunsa. Tikitinsa, bizarsa, tafinta da abincinsa na kasuwanci ne. Tikiti uku, biza uku, inshorarsu, Chimelong da tsaraba nasa ne. Otal ake rabawa: a misali, in ɗakin da ya saba kamawa yuan 500 ne, na iyali kuma 800, to 500 ta hau kan kasuwanci, 300 ta hau kansa, kowane dare. A ɗauki hoton farashin ƙaramin ɗakin ranar da aka kama babban, shi ne hujja. A kuma yi maganar kafin tafiya, ba bayan abokin ya ga hotunan yara a waya ya ce, "Alhaji, ashe da iyali aka je?" Ma'aikacin da ofis ya tura ma ƙa'idar ke nan: alawus na kwanakin aiki ne kawai, kwanakin da ya ƙara sai da izinin hutu a rubuce, inshorar ofis kuma ba lallai ta rufe su ba.

Rabuwar ta zama ta zahiri, kati biyu ko jaka biyu, ba a cikin kai kawai ba. Masana'antu yawanci kashi 30 suke karɓa na kafin alƙalami, sauran 70 kafin lodi. Wanda ya riƙa tsakurar jari yana biyan yawo, ranar biyan cikon zai ga giɓi, kuma kuɗin sautu ne ke kusa da hannu. Ba da niyyar cin amana ake farawa ba, da "in na koma zan cika" ake farawa. Tikitin yaro ɗan shekara 2 zuwa 11 ragin da ake yi masa kaɗan ne, yawanci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ainihin kuɗin, don haka a lissafa mutum ukun nan kusan kamar manya uku, a ware kuɗin daga riba tun kafin a nemi biza. Tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000 sai an bayyana ta a fita daga Najeriya, a shiga Sin kuma abin da ya haura dala 5,000. Rarraba kuɗi a jakar mata da ta yara don kauce wa bayyanawa jawo musu tambayar da ba za su iya amsawa ba ne.

Awon kaya shi ma tarko ne. In kowane tikiti yana da akwati biyu na kilo 23, mutum uku kilo 138 ke nan, idon ɗan kasuwa ba zai ƙi gani ba. Amma Hajiya ce za ta tsaya gaban kwastan a Kano da akwati shida cike da kuloli iri ɗaya, ba ta san farashinsu ba, ba rasit a hannunta, ga yara sun gaji. Samfur ya bi kago ko ya jira akwatin mai shi. Saƙon wani kuma, komai kusancinsa, in ba a buɗe an gani ba kada ya shiga jakar iyali, a zuwa ko a dawowa. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a Sin yana kaiwa ga kisa.

Lafiyar yara

Yaron da sauro ya ciza a Kano ana gobe tafiya, zazzaɓin na iya bayyana bayan mako ɗaya ko biyu, wato a Guangzhou. Likitan da ba ya ganin maleriya kullum zai iya ɗauka mura ce. Abin da za a fara faɗa masa shi ne daga ƙasar maleriya aka zo, a nemi gwajin jini. A rubuta wannan da Sinanci a ajiye a wayar Hajiya. A ga likita kafin tafiya, a taho da maganin zazzaɓi da na maleriya daidai nauyin kowane yaro, a cikin kwalinsu na asali da takardar likita. Tramadol da maganin tari mai kodin suna cikin magungunan da doka ta tsananta a kansu, a bar su a gida. Asibitocin can sai an biya ake duba mutum, shi ya sa inshorar tafiya ta kowa ba abin tsallakewa ba ce. A san hanyar asibitin mata da yara da ke Zhujiang New Town tun ranar 22, kuma ejan ko tafinta ya san cewa in Hajiya ta kira, kiran gaggawa ne.

Bayan 5 ga Mayu

Kwanakin da tsarin farko ya jefar su ne waɗanda ke tabbatar da ribar tafiyar. Abin da aka gani a rumfa samfur ne, kuma ba duk mai rumfa ne mai masana'anta ba, da yawa dillalai ne. Daga 6 ga Mayu, da aka koma aiki, zai je ya ga inda ake ƙera kulolin, ya leƙa kasuwar yadi ta Zhongda ya gwada farashin labule da wanda aka ba shi a baje koli, in yana son kujeru ya je Lecong a Foshan. Jirgin ƙasa mai sauri ana fara sayar da tikitinsa kwana 15 kafin tafiya, a manhajar 12306 da lambar fasfo. Sai zama da ejan a sito: a rubuta kowace oda da kala da adadi da ranar kammalawa, a sa hannu a kan samfur biyu, ɗaya ya zauna wurin masana'anta, ɗaya wurin ejan don gwadawa ranar karɓar kaya, a ware katan ɗin masu sautu da alamar kowa a jiki, a kuma amince cewa ba za a saki cikon kashi 70 ba sai ejan ya buɗe katan ya turo hoto da bidiyo.